Haɗakar faifai ta mdadm tana tashi a yanayin karatu kawai duk lokacin da aka kunna saba

Bakabe, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman taimakon masana Linux a kan wata matsala da ta hana ni sakat a wurin aiki. Ni ne ke kula da kwamfutocin wata cibiyar buga takardu da yi wa ɗalibai rajista a nan Birnin Kebbi, kuma muna da saba guda ɗaya wadda duk ma'aikata ke ajiye aikinsu a kanta ta hanyar Samba, manhajar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci. Debian 12 ce a kanta, tana zaune a kan ƙaramin faifan SSD ita kaɗai. Bayan shi akwai manyan faifai biyu masu terabayit 2 kowanne, waɗanda aka haɗa da mdadm a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. Tsarin fayil ɗin ext4 ne, kuma ana ɗora shi a kan foldar /srv/ajiya.

Kwanakin baya tsohon SSD ɗin ya mutu, sai na sayo sabo na sake girka Debian. Kafin girkin na zare wayoyin manyan faifan biyu domin kada a taɓa abin da ke cikinsu, bayan an gama na mayar da su, kuma na ba sabar sabon suna. A cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za a ɗora a lokacin tashi, na mayar da layin kamar yadda yake a da, wato /dev/md0 a kan /srv/ajiya tare da zaɓin nofail.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka kunna sabar, idan na buga cat /proc/mdstat sai in ga md127 a maimakon md0, kuma kusa da kalmar active akwai auto-read-only. Alamar [UU] tana nan, amma a wasu ranakun ina ganin resync=PENDING a ƙasanta, ba ya gaba, ba ya baya. Umarnin df ba ya nuna haɗakar ko kaɗan har sai na ɗora ta da hannu da mount /dev/md127 /srv/ajiya, kuma da na yi haka kalmar auto-read-only tana ɓacewa. Sai dai akwai wata safiya da wuta ta ɗauke cikin dare, batirin inbata kuma ya ƙare kafin gari ya waye. A ranar na ɗora haɗakar lafiya, amma bayan ɗan lokaci ma'aikata suka kasa ajiye komai, kuma da na gwada daga sabar kanta sai ta ce Read-only file system.

Tambayata ita ce, shin faifan ne ke shirin mutuwa? Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in sake ƙirƙirar haɗakar da mdadm --create domin ta koma md0, amma hankalina bai kwanta da hakan ba, ga shi lokacin rajistar jarrabawa ya matso kuma takardun mutane ne a ciki. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Yawuri

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka game da kalmar auto-read-only, domin ba alamar lalacewa ba ce. Sashen md na kanel, wato ɓangaren zuciyar Linux mai kula da haɗakar faifai, yana da wani zaɓi mai suna start_ro, kuma Debian tana kunna shi da gangan a cikin /etc/modprobe.d/mdadm.conf. Idan yana kan 1, duk haɗakar da aka tayar takan zauna ba ta rubuta komai a kan faifai, har da aikin daidaita faifan biyu, sai lokacin da wani abu ya nemi yin rubutu na farko, sannan ta koma cikakken aiki da kanta. An yi haka ne saboda kwamfutocin da ke yin dogon barci su zuba abin da ke ƙwaƙwalwarsu a faifai, domin kada a taɓa faifan kafin a farkar da su. Wannan ne ya sa resync=PENDING yake tsaye: jira yake yi, ba maƙalewa ya yi ba.

Kana iya tabbatarwa da cat /sys/module/md_mod/parameters/start_ro. Idan kana son ta koma aiki nan take, mdadm --readwrite /dev/md127 ya wadatar, kuma za ka ga daidaitawar ta fara tafiya. A ra'ayina, tun da saba ba ta yin irin wancan barcin, ka mayar da start_ro zuwa 0, ko kuma ka sa wannan umarnin ya riƙa gudana a kowane tashi, ka huta.

Bazamfara, Gusau

Assalamu alaikum. Malam Bakabe, kafin komai ina roƙonka kada ka gudanar da mdadm --create a kan faifan nan. Wannan umarnin yana rubuta sabuwar shaidar haɗaka a kan tsohuwa, kuma idan wurin da bayanai ke farawa ya bambanta da na farko, wanda yakan faru tsakanin tsoffi da sababbin nau'o'in mdadm, tsarin fayil ɗinka zai ɓace daga gani alhali lafiyarsa ƙalau. Matsalar suna ba ta kai a taɓa shaidar haɗaka ba.

Bayanin Malam Ɗan Yawuri a kan start_ro daidai ne, amma ban goyi bayan maganin da ya bayar ba, saboda zai ɓoye alamar ne kawai ya bar cutar. Abin tambaya shi ne me ya sa babu abin da ke yin rubutu a kan haɗakar a lokacin tashi. Da fstab tana ɗora ta yadda ya kamata, da ɗorawar kanta ta zama rubutu na farko, domin ext4 yana taɓa faifai da zarar an ɗora shi a yanayin rubutu, kuma da ba za ka taɓa ganin auto-read-only ba. Ganinta yana nufin ba a ɗora haɗakar ba, kuma dalilin yana cikin bayaninka: fstab tana neman /dev/md0, abin da ya tashi kuwa md127 ne, sannan nofail ya ce wa systemd ta ci gaba da tashi ko da ba a samu faifan ba, shi ya sa babu wani kuka da ka ji.

Ga yadda md127 ya samo asali. Shaidar haɗaka ta nau'in 1.2, wadda ake rubutawa kilobayit 4 daga farkon kowane yankin faifai da ke cikin haɗakar, tana ɗauke da sunan kwamfutar da aka ƙirƙire ta a kai. Da ka girka sabuwar Debian faifan suna zare, ba a samu haɗakar da za a rubuta a /etc/mdadm/mdadm.conf ba, saboda haka babu layin ARRAY a ciki. Da ka mayar da su, mdadm ya duba bai ga haɗakar a wannan fayil ɗin ba, ya kuma ga sunan da ke jikinta ba na wannan sabar ba ne, sai ya ɗauke ta a matsayin baƙuwa. Baƙuwar haɗaka ana ba ta lamba daga 127 zuwa ƙasa domin kada ta ci karo da lambobin 'yan gida, kuma mdadm yana tayar da ita a yanayin read-auto da kansa, wanda ke nufin ko an mayar da start_ro zuwa 0 za ka ci gaba da ganin abin da kake gani.

Gyaran ba shi da wuya, amma ka fara kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na dabam. Bayan haka ka tsayar da Samba da systemctl stop smbd, ka sauke foldar da umount /srv/ajiya. Ka gudanar da mdadm --detail --scan, zai ba ka layi mai farawa da ARRAY wanda ke ɗauke da UUID, wato lambar shaida ta musamman, na haɗakar. Ka saka layin a ƙarshen /etc/mdadm/mdadm.conf, ka canza sunan na'urar zuwa /dev/md0, kuma kana iya barin UUID kaɗai ka goge sashen name. Sannan mdadm --stop /dev/md127, sai mdadm --assemble /dev/md0. Matakin da mutane suka fi mantawa shi ne update-initramfs -u, alhali kwafin mdadm.conf da ke cikin initramfs, ƙaramin tsarin da ake lodawa kafin babban, shi ake fara karantawa a lokacin tashi, kuma idan ba a sabunta shi ba md127 na iya dawowa duk da gyaran da aka yi. Masu amfani da Fedora ko Rocky Linux fayil ɗinsu /etc/mdadm.conf ne, umarninsu kuma dracut -f.

A cikin fstab kuwa, ka daina dogara da suna irin /dev/md0. Ka gudanar da blkid /dev/md0 ka ɗauki UUID ɗin da ya ba ka ka saka. Ka lura cewa wannan na tsarin fayil ne, ba shi ne na haɗakar da ka saka a mdadm.conf ba, na haɗaka ana raba shi da ɗigo biyu-biyu, na ext4 kuma da gajeren layi, kuma musanya su yana jawo wani sabon ruɗani. Daga nan systemctl daemon-reload da mount -a za su nuna maka ko layin ya yi daidai kafin ka sake kunna sabar.

Akwai wani abu da ya fi damuna fiye da duk waɗannan. A duk safiyar da Samba ta tashi kafin ka ɗora haɗakar da hannu, foldar /srv/ajiya tana nan a buɗe a kan SSD, kuma duk ma'aikacin da ya riga ka zuwa ya ajiye aiki, a kan SSD ya ajiye shi. Da ka ɗora haɗakar, waɗannan fayilolin sun shige ƙarƙashi kamar abin da aka shimfiɗa tabarma a kansa: yana nan, amma ba a ganinsa. Idan akwai wanda ya taɓa cewa takardarsa ta ɓace, a nan za ka fara nema. Ka duba foldar yayin da take a sauke, ko kuma ka ƙirƙiri /mnt/duba ka yi mount --bind / /mnt/duba ka leƙa /mnt/duba/srv/ajiya. Bayan ka kwashe abin da ka samu, ka gudanar da chattr +i /srv/ajiya alhali ba a ɗora komai a kanta ba, domin kada a sake iya rubutu a foldar da ba ta da haɗaka a kai, sannan ka yi systemctl edit smbd ka ƙara RequiresMountsFor=/srv/ajiya a sashen Unit domin Samba ta ƙi tashi idan ajiyar ba ta hau ba.

Saƙon Read-only file system da ka gani a waccan safiyar wata magana ce dabam, ba ta da alaƙa da auto-read-only. Wannan daga ext4 yake, ba daga md ba, kuma shi ne ya cancanci a tsorata da shi.

Dattijo Na-Argungu

Wa alaikumus salam. Malama Bazamfara ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, ni kuma zan ɗora daga inda ta tsaya. Ɗana Bakabe, idan ext4 ya ci karo da abin da bai dace ba a cikin bayanansa na ciki, ko rajistar da yake rubuta aniyarsa a ciki ta katse, yakan hana rubutu domin kada ɓarnar ta yaɗu. Za ka ga shaidar hakan a dmesg ko a journalctl -k, inda za a samu EXT4-fs error, sau da yawa kuma tare da Remounting filesystem read-only. Idan an adana rajistar tashin baya, journalctl --list-boots zai taimaka maka ka koma ranar da abin ya faru. Kada ka yi mount -o remount,rw ka ci gaba da aiki a irin wannan hali, domin tilasta rubutu a kan tsarin fayil mai rauni yana ƙara masa rauni ne. Ka bari daidaitawar faifan ta kammala, ka sauke foldar, ka fara da e2fsck -f -n /dev/md0 wanda ke dubawa kawai ba ya gyara, ka karanta abin da ya faɗa, sannan ka cire -n ka bar shi ya gyara. A kan md0 ake yin wannan, ba a kan sdb1 ko sdc1 ba, domin gyara ɗaya daga cikin faifan shi kaɗai yana raba shi da ɗan'uwansa.

Game da lafiyar faifan, alamar [UU] tana nufin dukansu suna cikin haɗakar ne kawai, ba ta nufin suna da lafiya. Ka girka smartmontools ka gudanar da smartctl -a a kan kowanne. Lambobi huɗu nake fara dubawa: ta 5 da ke ƙirga wuraren da faifan ya riga ya musanya, ta 197 da ke ƙirga wuraren da ya kasa karantawa yana jiran hukunci a kansu, ta 198 da ke ƙirga wuraren da ba su gyaru ba, da ta 199 da ke ƙirga kurakuran sadarwa tsakanin faifan da kwamfutar. Idan uku na farko suna hawa, faifan ne ke gajiya. Idan ta 199 ce kaɗai ke hawa, yawanci wayar SATA ce ko mazauninta, kuma tun da ka zare wayoyin ka mayar, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga kowane akwati a ƙasar nan, ba zan yi mamaki ba idan a nan matsalar take. Ka kuma gudanar da mdadm --examine a kan yankunan biyu ka kwatanta lambar Events, wadda ya kamata ta zama iri ɗaya a dukansu. Sunaye irin sdb da sdc suna iya musanyawa tsakanin tashi da tashi, saboda haka ka rubuta lambar jikin kowane faifai daga lsblk -o NAME,SERIAL kafin ka zare wani abu.

Idan faifan na kwamfutar tebur ne, irin waɗanda aka fi samu a kasuwanninmu, akwai wani tarko. Irin wannan faifan idan ya gamu da wurin da bai karantu ba yana iya shafe fiye da minti guda yana ƙoƙari, kanel kuma daƙiƙa 30 kawai yake jira kafin ya sake saita hanyar, sai md ya iya fitar da faifan da ba shi da wata babbar illa. Ka gwada smartctl -l scterc,70,70 a kan kowanne, wanda ke taƙaita ƙoƙarin zuwa daƙiƙa 7. Idan faifan bai karɓa ba, ka ɗaga lambar da ke /sys/block/sdb/device/timeout zuwa 180, haka ma ta ɗayan. Galibi saitin nan ba ya tsira daga kashewa da kunnawa, don haka sai an sa shi yana gudana a kowane tashi.

Asalin resync=PENDING kuwa kashewar bazata ce. Haɗakar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubutu takan tashi da alamar cewa faifan biyu na iya bambanta. Ka duba /proc/mdstat ko akwai layin bitmap, wato taswirar wuraren da ake rubutu a kansu. A mdadm 3.3 an fara saka shi kai tsaye ga haɗakar da faifanta suka wuce gigabayit 100, amma idan babu, mdadm --grow --bitmap=internal /dev/md0 zai ƙara shi bayan an gama daidaitawa. Da shi, wuraren da ake rubutu a kansu kaɗai ake daidaitawa cikin 'yan mintuna. Babu shi, sai an bi terabayit 2 gaba ɗaya, aikin da ke cin awa huɗu ko fiye, kuma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kabi wannan wahala ce ga faifai. Galibi inbata ba ta gaya wa saba cewa batir ya kusa ƙarewa, shi ya sa nake ba da shawarar ƙaramar UPS mai wayar USB tsakanin inbata da saba, tare da manhajar kula da UPS irin NUT ko apcupsd, domin sabar ta kashe kanta cikin tsari. Idan hakan bai samu ba tukuna, a riƙa kashe ta idan an tashi daga aiki.

Bakabe, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi matakan Malama Bazamfara bayan na kwafe komai zuwa faifan waje, kuma yanzu haɗakar tana tashi a matsayin md0, tana hawa /srv/ajiya da kanta, kalmar auto-read-only kuma ba ta sake bayyana ba duk da ban taɓa start_ro ba. A ƙarƙashin foldar na tarar da takardun rajista da hotunan ɗalibai da wata ma'aikaciya ta yi ta nema, na mayar mata da su.

Baba Na-Argungu, e2fsck ya sami kurakurai a lissafin wuraren da ke fanko ya gyara su, kuma babu abin da ya jefa a lost+found, foldar da yake ajiye fayilolin da suka rasa wurinsu. Lambar Events iri ɗaya ce a faifan biyu, layin bitmap ma yana nan. Lambobi na 5, 197 da 198 duk sifili ne, amma ta 199 a faifai na biyu ta yi yawa. Na canza wayar SATA na kuma busa ƙurar, sai dai lambar ba ta sauka ba. Shin wannan yana nufin in sayi sabon faifai?

Bazamfara, Gusau

Madalla, Malam Bakabe. Lambar 199 ba ta komawa sifili ko an canza waya, domin jimillar kurakuran da faifan ya taɓa gani ce tun da aka ƙera shi. Ka rubuta adadin da take kai yau, ka sake dubawa bayan sabar ta yi aiki mai nauyi. Idan ba ta ƙaru ba, wayar ce ke da laifi kuma ba ka buƙatar sabon faifai. Hanya mafi sauƙi ta ba ta wannan nauyin ita ce echo check > /sys/block/md0/md/sync_action, wanda zai karanta faifan biyu daga farko har ƙarshe ya kwatanta su, ka ga ci gabansa a /proc/mdstat, sakamakon kuma a /sys/block/md0/md/mismatch_cnt. Ka fara shi da yamma bayan an tashi, a ranar da kake da tabbacin wuta ko janareta. Idan lambar ta ci gaba da hawa da sabuwar waya, ka mayar da faifan wani mazaunin SATA a kan allon kwamfutar ka sake gwadawa kafin ka zargi faifan.

Ka kuma saka adireshin imel ɗinka a layin MAILADDR na mdadm.conf, ka tabbatar sabar tana iya aika saƙo, sannan ka gwada da mdadm --monitor --scan --test --oneshot, domin ranar da ɗaya daga cikin faifan ya fita daga haɗakar sabar za ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Faifan wajen da ka kwafe bayanai a kai kuma ka ci gaba da sabunta shi a kai a kai kana zare shi bayan an gama, saboda fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa ne a faifan RAID 1 biyu a lokaci guda.